Sharhi: Rangwamen wankin ƙoda da ruwan da ke taruwa a jikin majinyata a Bwari

A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta rage kuɗin wankin ƙoda daga kimanin Naira 50,000 zuwa Naira 12,000 a kowane zama, a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta da ke sassan ƙasar nan. Daga cikinsu akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Jabi a Abuja, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Azare, da asibitocin koyarwa na Ibadan da Legas.

Ga mazauna Ƙaramar Hukumar Bwari, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, wannan mataki ya kawo sauƙi na zahiri, domin Jabi na cikin wuraren da suke iya zuwa su dawo a yini guda. Sai dai farashin zama ɓangare ɗaya ne na lamarin. Rai da ajali na hannun Allah, amma ta fuskar sababi, binciken likitoci na shekaru masu yawa ya nuna cewa tsawon rayuwar mai wankin ƙoda na da alaƙa mai ƙarfi da abubuwa biyu: yawan ruwan da ke taruwa a jikinsa tsakanin wanki da wanki, da kuma saurin da ake cire ruwan idan ya hau na'ura.

Mako guda sa'o'i 168 ne. Majinyacin da ya samu cikakken wanki, wato sau uku a mako na sa'o'i huɗu-huɗu, sa'o'i 12 kacal yake yi a kan na'ura. Sauran 156 yana gida ne, a Kubwa ko Dutse-Alhaji ko Ushafa ko Kawu, yana ci yana sha, ruwa na taruwa ba tare da mafita ba. Don haka duk tsarin tallafin da ya tsaya a ƙofar ɗakin wanki ya bar mafi yawan lokacin majinyaci ba tare da kulawa ba.

Yadda ruwa ke zama haɗari

Kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin baligi ruwa ne. Mai nauyin kilo 70 na ɗauke da lita 42 ko kusa da haka, kuma lita uku ne kawai daga ciki ke yawo a matsayin ruwan jini. Lafiyayyun ƙodoji na tace kusan lita 180 a kowace rana, su mayar da mafi yawansa cikin jiki, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Da haka ne mai lafiya ke shan abin da ya ga dama ba tare da ya taɓa yin lissafi ba.

Idan ƙodoji suka gaza, fitsari na raguwa sannu a hankali, a wasu ma ya ɗauke gaba ɗaya. Abin da aka sha sai ya tsaya. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, saboda haka sikeli na faɗin gaskiyar abin da ya taru: wanda ya sauka daga na'ura ranar Litinin da kilo 60, ya dawo ranar Laraba da kilo 63, ya zo da ruwa lita uku.

Wannan ruwa yakan fara bayyana a ƙafafu da idon sawu, da kuma fuska da sassafe. Yana ƙara yawan jinin da zuciya ke turawa, hawan jini ya ƙi jin magani, bangon zuciya ya yi kauri, daga baya ta buɗe ta yi rauni. Idan ya kai ga huhu, majinyaci ba ya iya kwanciya a miƙe; sai ya jera matasan kai, ko ya kwana a zaune yana haki. Yawancin masu wankin ƙoda a duniya cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini ne ke zama sanadin rasuwarsu, kuma taruwar ruwa na cikin manyan abubuwan da ke kai su ga hakan.

Wannan ne ya sa likitocin ƙoda ke ƙayyade wa kowane majinyaci abin da za a iya kira nauyinsa na asali, wato nauyin da jikinsa ke da shi idan an cire rarar ruwa baki ɗaya ba tare da jininsa ya faɗi ba. Burin kowane zama shi ne a mayar da shi wannan nauyi. Nauyin kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Majinyacin da ya rame saboda rashin cin abinci ko zazzaɓin cizon sauro na iya ci gaba da nuna kilo 60 a sikeli, alhali tsoka ta ragu da kilo biyu, ruwa ya maye gurbinta. In ba a sake duba shi ba, za a yi ta sallamarsa da ruwa a jiki ana zaton an gama aiki.

Abin da bincike ya nuna

Sanin wannan matsala ya kusa tsufan wankin ƙodar kansa. Likitan ƙasar Holan, Willem Kolff, shi ya ƙera na'urar farko a 1943. A 1960 Belding Scribner na birnin Siyatil a Amurka ya samar da hanyar da ta ba da damar yi wa mutum wanki akai-akai na tsawon shekaru, kuma tun a kan majinyacinsa na farko ya lura cewa cire ruwa da rage gishiri na saukar da hawan jini. A garin Tassin da ke kusa da Liyon a Faransa, wata cibiya ta yi suna wajen yin wanki na sa'o'i takwas sau uku a mako tare da taƙaita gishiri. Rahoton da Bernard Charra da abokan aikinsa suka wallafa a 1992 ya nuna cewa mafi yawan majinyatan cibiyar sun daina buƙatar maganin hawan jini, kuma sun yi tsawon rai fiye da yadda aka saba gani a wancan zamani. A Najeriya kuwa, a 1981 aka fara wankin ƙoda, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas.

Bincike mai ɗauke da alƙaluma masu yawa ya biyo baya. A 2009 mujallar Circulation ta wallafa nazarin Kamyar Kalantar-Zadeh da abokan aikinsa kan majinyata 34,107 a Amurka. Sun gano cewa waɗanda ke zuwa da ƙarin kilo huɗu ko fiye tsakanin wanki da wanki sun fi fuskantar haɗarin mutuwa ta dalilin ciwon zuciya da kusan kashi 25 cikin 100, idan aka kwatanta da masu ƙarin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu. A 2017 Carmine Zoccali na Italiya ya jagoranci wani nazari kan mutum 39,566 a ƙasashe 26, inda aka auna ruwan jikinsu da na'ura ta musamman. Sakamakon ya nuna cewa waɗanda suka daɗe da rarar ruwa sun fi mutuwa, ko da jininsu ya hau ko bai hau ba.

Tazarar da ke tsakanin wanki ma na da tasiri. Mai zuwa Litinin da Laraba da Juma'a yakan yi kwana biyu cur ba wanki a ƙarshen mako. Nazarin da Robert Foley ya wallafa a New England Journal of Medicine a 2011, kan majinyata 32,065, ya nuna cewa a ranar da ta biyo bayan wannan dogon hutu, adadin mace-mace a lissafin shekara ya kai kimanin 22 cikin kowane 100, alhali a sauran ranaku 18 ne. Ƙarin kwana ɗaya tak ne ya haifar da wannan bambanci, a ƙasar da majinyata ke samun wanki sau uku a mako.

Mai karatu na iya cewa, to a cire ruwan duka a zama ɗaya mana. A nan ne haɗari na biyu yake. Na'ura daga cikin jini take zuƙe ruwa, kuma sai a hankali ruwan da ya taru a ƙafafu da huhu ke komawa cikin jijiyoyi ya cike gurbin. Idan zuƙar ta fi cikowar sauri, jini na faɗuwa, tsoka ta murɗe, majinyaci ya ji jiri ko ya yi amai, jinin da ke isa zuciya da ƙwaƙwalwa ya ragu. A 2011 Jennifer Flythe da abokan aikinta sun nazarci bayanan majinyata 1,846, suka gano cewa cire fiye da mililita 13 a kowane kilo na nauyin jiki cikin sa'a guda na tattare da ƙarin haɗarin mutuwa na kusan kashi 59 cikin 100, idan aka kwatanta da cirewa a hankali.

Ya kamata a fahimci iyakar waɗannan nazarce-nazarce. Alaƙa suka nuna tsakanin ruwa da mutuwa a cikin ɗimbin jama'a. Ba su ce kowane mai kumburi ga ranar ajalinsa ba. Haka nan, wanda ba ya ƙara nauyi ko kaɗan don ya daina cin abinci shi ma yana cikin haɗari, na yunwa da ramewa. Amma da yake bincike daga ƙasashe dabam-dabam ya taru a kan matsaya guda, likitocin ƙoda sun ɗauki daidaita ruwan jiki a matsayin ginshiƙi na biyu na ingantaccen wanki, kafaɗa da kafaɗa da tace dattin jini.

Lissafin da ke gaban majinyacin Bwari

Duk alƙaluman da aka ambata sun fito ne daga ƙasashen da gwamnati ko inshora ke biyan kuɗin wanki. A nahiyar Afirka labarin dabam ne. A 2017 mujallar Lancet Global Health ta wallafa nazarin da likitar ƙoda 'yar Kamaru, Gloria Ashuntantang, ta jagoranta kan ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Ya nuna cewa kimanin kashi 84 cikin 100 na manyan da suka fara wanki saboda gazawar ƙoda ta dindindin sun daina zuwa, kuma rashin kuɗi ne babban dalili. Wani nazari a mujallar a 2014 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na manya a yankin na da wani mataki na ciwon ƙoda, ko da yake kaɗan ne daga cikinsu ke kaiwa ga buƙatar wanki.

A tsohon farashi, cikakken wanki na wata guda, wato zama 13, ya kama Naira 650,000. A sabon farashi ya dawo Naira 156,000. Ragin na da yawa, amma mafi ƙarancin albashi da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024 Naira 70,000 ne. Wato ko da rangwame, kuɗin wankin wata ya ninka albashin ƙaramin ma'aikaci fiye da sau biyu, kafin a zo ga allurar ƙarin jini, da maganin hawan jini, da gwaje-gwaje, da kuɗin mota.

Kuɗin motar kansa ba ƙarami ba ne. Mai fitowa daga garin Bwari sai ya biyo ta Dutse-Alhaji ya hau babban titin Kubwa kafin ya isa Jabi ko Asibitin Ƙasa, a hanyar da ke cunkushewa safe da yamma. In Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja zai je, tafiyar Gwagwalada ce, wadda ta fi nisa. Mutanen mazaɓun Igu da Kawu da Shere kuwa sai sun fara fitowa bakin titi tukuna. Kuma wanda ya sauka daga na'ura a galabaice ba ya tafiya shi kaɗai. Kuɗin mutum biyu ake biya, ɗan rakiyar kuma ya rasa aikin yini.

Abin da iyalai da yawa ke yi a irin wannan hali sananne ne ga duk ma'aikacin ɗakin wanki: a koma sau biyu a mako, sannan sau ɗaya, sannan sai numfashi ya gagara a bi dangi da masallaci ko coci a haɗa kuɗin zama guda. A ɗauki misalin mai nauyin kilo 60 wanda fitsarinsa ya ɗauke. Bisa iyakar mililita 13, abin da za a iya cire masa cikin sa'a guda bai wuce mililita 780 ba, wato lita uku da 'yan kai a sa'o'i huɗu. In ya yi mako guda bai zo ba, ya taho da lita shida, ma'aikacin jinya na tsakanin zaɓi biyu marasa daɗi. Ko dai ya ninka saurin cirewar ya jefa zuciyar majinyacin cikin haɗari, ko ya cire rabi ya sallame shi da lita uku da zai ɗora wa na mako mai zuwa a kai. Da haka ruwa ke hawa kan ruwa har ya cika huhu.

Akwai kuma batun yawan na'urori. Na'ura ɗaya da ke aiki zama uku a rana, kwana shida a mako, zama 18 take bayarwa, wanda ya ishi majinyata shida kacal in za a ba kowa haƙƙinsa. Idan farashi ya sauka a asibiti ɗaya, jama'a za su yi tururuwa zuwa can, kuma hanya mafi sauƙi ta rage layi ita ce a gajarta zaman zuwa sa'o'i uku ko a rage wa kowa kwanaki. A takarda adadin waɗanda suka amfana zai ƙaru. A jikin majinyata kuwa, ƙarancin lokaci na nufin cire ruwa da gaggawa, wato ainihin abin da bincike ya yi gargaɗi a kai.

Gishiri ne ke kiran ruwa

Abin da aka fi gaya wa mai wankin ƙoda shi ne ya rage shan ruwa. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce rabin lita zuwa lita ɗaya a rana, a ƙara da gwargwadon fitsarin da ya yi jiya. Ledar ruwan sha ɗaya rabin lita ce, ke nan kason yini guda na wanda ba ya fitsari bai wuce leda biyu ba. A cikin wannan kaso kuma ake lissafa koko, da kunu, da fura da nono, da shayi, da zoɓo, da romo, da ruwan miya, da kankana, da lemu, har da ruwan da ake haɗiye magani da shi.

Sai dai hana mutum ruwa alhali cikinsa cike da gishiri wahalar banza ce, domin ƙishirwa umarni ce daga ƙwaƙwalwa, kuma gishiri ne ke tayar da ita. Kowane giram takwas na gishiri da ya shiga jikin wanda ƙodarsa ba ta aiki na jawo kusan lita ɗaya ta ruwa ya riƙe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowane baligi da kada ya wuce giram biyar a rana, kwatankwacin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a 2025 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idojin rage sinadarin sodiyam a abincin 'yan Najeriya. Ga mai lafiya wannan rigakafi ne. Ga mai wankin ƙoda kuwa magani ne na yau da gobe.

A tukunyar gidajen Arewa gishiri na shiga ta ƙofofi da dama. Akwai wanda ake barbaɗawa da hannu. Akwai dunƙulen ɗanɗano, wanda kusan rabinsa gishiri ne, kuma ba kasafai ake tsayawa a guda ɗaya ba. Akwai kanwa da ake sa wa miyar kuɓewa da kuka da wake, wadda ita ma sodiyam ce mafi yawanta. Sannan ga yaji, da kilishi, da tsire, da busasshen kifi mai gishiri, da burodi, da taliyar leda mai ƙunshin sinadari. Mai girki na iya rantsuwa cewa ba ta sa gishiri ba, alhali dunƙule uku da kanwa sun riga sun cika ma'auni.

Da yake daga tukunya ɗaya gida ke ci, shawarar da aka ba majinyaci shi kaɗai a ɗakin likita ba ta isa madafa. Wadda ke riƙe da ludayi, uwargida ce ko 'ya ko suruka, ita ya kamata a zaunar a yi wa bayani da harshen da take ji, Hausa ko Gbagyi ko wani. Mafi sauƙin dabara ita ce a ɗebi kason majinyaci kafin a sa gishiri da dunƙule, a ƙara masa ɗanɗano da albasa, da tafarnuwa, da citta, da daddawar da ba a cuɗa da gishiri ba. Akwai gargaɗi guda mai muhimmanci: gishirin da ake tallatawa a matsayin na masu hawan jini yakan ƙunshi sinadarin fotasiyam, wanda taruwarsa a jinin mai ciwon ƙoda na iya tsayar da zuciya farat ɗaya.

Zafi, azumi da ragowar fitsari

Yanayin Abuja na ƙara tsananta jarrabawar. A watannin Maris da Afrilu zafi kan kusanci maki 40, a lokacin hunturu kuma iska na busar da baki da maƙogwaro. Ma'aikatan jinya kan ba da dabaru masu sauƙi: a auna ruwan yini a kwalba ɗaya tun da safe, a sha da ƙaramin kofi, a tsotsi 'yar ƙanƙara ko yankin lemun tsami, a kurkure baki a zubar, a guji zama cikin rana. Mai ciwon sukari kuma ya kula da sukarinsa, domin hawansa na ƙara ƙishirwa.

A watan Ramadan lamarin na buƙatar shawarar likita tun kafin a ga wata. Musulunci ya yi wa marar lafiya rangwame, amma akwai majinyatan da ke zaɓar yin azumi a ranakun da ba su da wanki. Haɗarin na wajen buɗa-baki, lokacin da ake shan ruwan yini guda cikin sa'a ɗaya, ga kunu da zoɓo, ga dabino da kankana da lemu da ayaba, waɗanda dukkansu na ɗauke da fotasiyam.

Majinyacin da har yanzu yake ɗan yin fitsari na da wata dukiya da ya kamata a tsare. Ko rabin lita ce a rana, a mako ta zama lita uku da rabi da na'ura ba ta buƙatar cirewa. Irin waɗannan ne likita kan iya amince musu da wanki sau biyu a mako na wani lokaci, tare da maganin sa fitsari. Abubuwan da ke saurin kashe wannan ragowar aiki sun haɗa da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, da kuma faɗuwar jini a kan na'ura sakamakon cire ruwa da sauri. Wato zaman gaggawa guda na iya rage fitsarin da ke taimakon majinyaci a sauran kwanakin mako.

Abin da ya rage wa hukumomi

A watan Mayun 2025 Babban Taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙudurinsa na farko kan lafiyar ƙoda, wanda ya buƙaci ƙasashe su sa cutar cikin tsare-tsarensu tun daga matakin farko. A cikin gida, wasu jihohi sun riga sun yi gaba: Yobe, wadda yankin Gashuwa nata ya daɗe yana fama da yawaitar cutar, na yi wa majinyata wanki kyauta. Rangwamen Gwamnatin Tarayya ya zo a kan wannan turba. Domin ya kai ga tsawaita rayuka, akwai matakan da suka dace a haɗa da shi, kuma yawancinsu ba su kai kuɗin na'ura ɗaya ba.

Na farko shi ne ma'aunin nasara. Ƙidayar zaman da aka yi ko kuɗin da aka kashe ba ta bayyana halin majinyata. Ya kamata kowace cibiya da ke cikin shirin ta riƙa bayar da rahoton yawan waɗanda ke samun wanki sau uku a mako, da tsawon kowane zama, da matsakaicin nauyin da suke zuwa da shi, da kuma adadin waɗanda ke raye suna ci gaba da zuwa bayan wata uku da bayan shekara. Waɗannan bayanai suna nan a katin kowane majinyaci. Tattara su kawai ake buƙata.

Na biyu shi ne a kai kulawar kusa da gida. Kowace mazaɓa daga cikin goma na Bwari na da cibiyar lafiya a matakin farko ko tana kusa da wata. Sikeli mai kyau, da na'urar awon jini, da ma'aikacin da aka koya wa alamun taruwar ruwa, da lambar wayar ɗakin wanki, sun isa su sa a gano majinyacin da ya ƙara kilo uku cikin kwana biyu tun kafin a ɗauko shi ranga-ranga da tsakar dare. Waɗannan cibiyoyi ne kuma wurin gano hawan jini da ciwon sukari, manyan cututtukan da ke kai mutane ga wanki tun farko.

Na uku shi ne ƙara na'urori da shigar da asibitoci na kusa, irin manyan asibitocin Bwari da Kubwa, cikin tsarin rangwame, domin a rage tafiya da layi. Wannan na buƙatar shiri, saboda zama guda na cin kimanin lita 120 na tataccen ruwa, ban da wanda ake zubarwa wajen tacewa, kuma yana buƙatar wutar lantarki da ba ta yankewa da ƙwararrun ma'aikatan jinya. Ta fuskar ruwa dai yankin na da abin tinƙaho, tunda a cikinsa Madatsar Ruwa ta Usuma take, wadda ke shayar da birnin Abuja.

Na huɗu shi ne kuɗi mai ɗorewa. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, kuma Babban Birnin Tarayya na da nasa tsarin inshorar. Muddin ba a samar da hanyar da waɗannan tsare-tsare za su ɗauki nauyin wanki na dogon lokaci ga marasa ƙarfi ba, Naira 156,000 a wata za ta ci gaba da tilasta wa iyalai tsallake zama. Dashen ƙoda, wanda aka fara a Asibitin St. Nicholas na Legas a 2000 da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 2002, shi ne ke 'yantar da majinyaci daga ƙidayar kofin ruwa, sai dai kuɗinsa da na magungunan bayansa sun fi ƙarfin mafi yawan jama'a.

Kafin waɗannan matakai su tabbata, akwai abin da ke hannun iyalai a yau. Majinyaci ya san nauyinsa na asali, ya tambayi likita ya sake duba shi idan ya rame ko ya yi ƙiba. Ya hau sikeli kowace safiya a rubuta a littafi. A cire gishiri da dunƙule da kanwa daga kasonsa. Kada ya roƙi a sauke shi daga na'ura kafin lokaci ya cika, kuma in kuɗin zama ya gagara, a sanar da ma'aikatan ɗakin wanki da wuri domin su san yadda za su tsara cire ruwan a zama na gaba. Idan kuwa numfashi ya fara wahala a kwance, ko tari ya hana barci, asibiti za a nufa a daren, ba tare da jiran ranar da aka rubuta a kati ba.